Doguwar Tafiya A Kan Babur: Kafin Mu Ba Da Gudummawa, A Nuna Mana Takardu Biyu

Wani sabon yayi ya shigo wa matasanmu a ƴan shekarun nan, wato ɗaukar babur, ko moto kamar yadda ake cewa a wannan ɓangare na iyaka, a ce za a yi doguwar tafiya ta gwada juriya. Wani ya ce zai tashi daga Damagaram sai Yamai ba tare da ya kwana a hanya ba, wani ya ce shi sai ya ga teku a Kwatano ko Lome, wani kuma ya ce zai ratsa ƙasashe biyar domin kiran zaman lafiya ko tara wa marayu taimako. Da yake kuwa kasuwa ce uwar kowa, kafin a tayar da inji sai an biyo ta rumfunanmu da wasiƙa ana neman gudummawar kuɗin mai. Saboda haka wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin kuɗinmu ne ake zubawa a tanki, kuma ƴaƴanmu da ƙannenmu ne a kan sirdin.

Ra'ayin ƴan kasuwa a kan lamarin ya rabu gida biyu. Akwai masu ganin rashin aikin yi ne kawai da neman suna, don haka ko dala ba za su bayar ba. Akwai kuma masu ganin jarumtaka ce, su ba da abin da ya sauwaƙa, su raka yaro bakin gari da tafi da guɗa, daga nan kuma ba su sake tambayar inda ya kwana ba. Mu a namu ganin, duka ɓangarorin biyu sun bar wajen da maganar take. Doguwar tafiya a kan babur abu ne da ake yi a duniya da mutunci, har ma a amfanar da jama'a da ita. Amma ba mu ga dalilin da zai sa ɗan kasuwa ya sa hannu a aljihu ba sai an nuna masa takardu biyu: ta farko, takardar shirin tafiya, wadda ake rubutawa kafin a tashi; ta biyu, littafin shaidar tafiya, wanda ake cikewa a kan hanya a dawo da shi.

Ba mu ne muka ƙago wannan sharaɗi ba. A Amurka akwai wata ƙungiyar masu doguwar tafiya a kan babur da ake kira Iron Butt Association, sunan da ke nufin masu mazaunan ƙarfe, saboda daɗewar da suke yi a zaune a kan sirdi. Babbar gasarsu, wadda aka fara a 1984, ta kwana 11 ce, inda mahaya kan ci kimanin mil 11,000. Ƙaramin matakin da mutum zai taka ya zama ɗan ƙungiya kuwa shi ne ya yi mil 1,000, wato kilomita 1,609, cikin ƙasa da awa 24. Na gaba da shi, mil 1,500 cikin awa 36. A waɗannan tafiye-tafiye na gwaji babu alƙali a bayan mutum, babu motar rakiya, shi ne zai zaɓi ranarsa da hanyarsa. To, ta yaya ƙungiya za ta san cewa ya yi tafiyar da gaske, bai je ya kwanta a gidan abokinsa ya dawo da labari ba?

Amsar ita ce takarda. Agogon tafiya yana fara aiki ne daga lokacin da mahayi ya sha mai ya karɓi rasit na na'ura mai ɗauke da kwanan wata da lokaci da sunan gari. Duk inda ya sake shan mai sai ya karɓi wani, ya rubuta a littafinsa lokacin da ya tsaya da abin da mitar babur ta nuna. In ya yi doguwar tsayawa, ko don barci ko don gyara, sai ya rubuta. In hanyarsa tana da kwana, sai ya samo rasit a kan kwanar, don kada a ce ya yanke. Rasit na ƙarshe shi ne ke tsayar da agogo. Shekaru da yawa ƙa'idarsu ita ce a samu mutum ya sa hannu a farkon tafiya da ƙarshenta a matsayin shaida, daga baya da wayoyi masu ɗaukar hoto suka yawaita suka amince da hoton kowane rasit a jikin mita. Bayan haka masu tantancewa su zauna da taswira su sake auna nisan da kansu, domin sun san mitar babur takan yi ƙari. Abin da mutum ke samu bayan duk wannan wahala shi ne takardar shaida da ɗan tambari. Amma takarda ce da ba wanda zai iya ƙaryatawa.

Sai dai a nan muna so mu ja kunnen matasanmu: tsarin za a kwaikwaya, ban da lambar. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Kilomita 1,609 cikin awa 24 yana nufin a ci kilomita 67 a kowace awa, har da lokacin shan mai da cin abinci da salla da hutu. Ba'amurke mai babban babur a kan hanya mai layi huɗu, wanda ba shinge ko ɗaya a gabansa, zai iya gama tuƙin cikin awa 16 ko 17, ya samu sauran ya huta. Namu yaron da ke kan ƙaramin babur na kabu-kabu, in ya samu kilomita 70 a awa ya yi ƙoƙari, ke nan awa 23 yana tuƙi ba tsayawa, kafin a sa ramuka da jakuna da garken shanu da ranar kasuwa da shingayen jandarma da duwan. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wanda ya ce zai je ya dawo cikin kwana ɗaya da wuni a kan irin wannan babur, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuwa ya yi niyyar yin gudun da zai kai shi asibiti.

Lissafin ya nuna wani abu kuma da masu dogon zango suka daɗe da ganewa, wato gudu ba shi ke cin hanya ba. Wanda ya ƙara gudu daga 80 zuwa 100 a tafiyar kilomita 100, minti 15 kacal ya rage, alhali ya ƙara shan mai, ya ƙara gajiya, ya kuma rage wa kansa damar taka burki in akuya ta fito. Minti 15 ɗin nan kuwa tsayawa ɗaya ta neman canji ko hira a gidan mai ta cinye su. Tsayawa goma ta minti 20 kowace, awa uku ne da minti 20. Wanda ya san inda zai tsaya tun daga gida, kuɗinsa a ware, ruwansa a kusa, shi ke riga mai gudu isa. Ita kanta ƙungiyar ta Amurka tana nanata cewa tafiyarta ba tsere ba ce, kuma ba ta goyon bayan tuƙin ganganci.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kunle Adeyanju, ɗan Najeriya kuma ɗan ƙungiyar Rotary, wanda ya tashi daga Landan ranar 19 ga Afrilu 2022 a kan babur ƙirar Honda, da nufin tara kuɗi da wayar da kai a kan cutar shan inna. Ya ratsa Faransa da Sipaniya, ya tsallaka zuwa Maroko, ya bi gaɓar teku ta Muritaniya da Sanagal, ya shiga Mali, ya gangaro ta Kodibuwa da Gana da Togo da Binin, ya shiga Najeriya ta iyakar Seme ranar 29 ga Mayu, bayan ya ci fiye da kilomita 12,000. Ya tsara tafiyar ne a kan kwana 25, amma sai da ta ɗauke shi kimanin 40. A Mali ƙafar babur ɗin ta lalace, ya tsaya neman gyara. Abin lura shi ne, duk tsawon tafiyar yana rubuta labarin kowane zango yana sakawa a intanet tare da hotuna, ga kuma hatiman iyakoki a fasfo ɗinsa. Shi ya sa ranar da ya iso ba a yi gardama a kan ko ya yi tafiyar ba.

Darasin da ke cikin labarinsa a bayyane yake. Mutum mai hali, mai babban babur, mai ƙungiya ta duniya a bayansa, ya yi shiri iyakar shiri, duk da haka hanya ta ƙara masa mako biyu. In da kuɗin kwana 25 daidai ya riƙe, da a Mali tafiyar ta ƙare. Shiri ba ya hana matsala zuwa, amfaninsa shi ne in ta zo ta tarar da guzurinta. Tsofaffinmu na Agadas da Yamai suna tuna gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara ranar 26 ga Disamba 1978, kuma ta ratsa garuruwansu. Wanda ya ƙirƙiro ta, Bafaranshe Thierry Sabine, ya ɓace ne a kan babur ɗinsa a 1977 a cikin hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, da ƙyar aka gano shi da rai. A gasar farko abin hawa 182 suka tashi, 74 ne suka isa Dakar. 

To, me ya kamata mu gani a takarda ta farko? Abu na farko shi ne hanya, zango-zango. Daga ina zuwa ina a rana ta farko, kilomita nawa, ina gidan mai, ina za a kwana, gidan wa. Mai shiri na gaskiya ya riga ya gwada babur ɗinsa da kaya a kai, ya san cikakken tanki kilomita nawa yake kai shi, kuma ba ya tsara zango da zai cinye fiye da kashi biyu cikin uku na man, domin iskar hunturu in ta zo ta gaba, ko yashi, ko kewaye saboda gada ta karye da damina, duk suna ƙara shan mai. Ya kuma rubuta ƙarfe nawa zai sauka. Mu da muke bin hanyoyin nan mun san abin da dare yake ɗauke da shi: amalanke ba fitila, babbar mota ta lalace a tsakiyar kwalta an jera ganye, ga kuma waɗanda ba a son haɗuwa da su. Duk shirin da ya ƙunshi tafiyar dare a yankinmu, a mayar wa mai shi ya sake.

Abu na biyu shi ne takardun iyaka, kuma a nan ɗan kasuwa ya fi kowa iya duba su. Lasisin tuƙi, takardar mallakar babur da sunan mahayin ko wasiƙar izini daga mai shi, katin shaida ko fasfo, katin allurar zazzaɓin shawara, inshorar da ke aiki a ƙasashen da za a shiga, irin katin nan mai ruwan ƙasa da CEDEAO ta kafa tun 1982, da takardar duwan ta shigar da abin hawa na ɗan lokaci. Kada kuma a dogara da labarin wanda ya bi hanyar shekara uku da suka wuce. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Mun ga yadda aka sake rufe tsakanin Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Wanda zai ratsa iyaka a wannan zamani ya je ofishin da abin ya shafa a makon da zai tashi ya tambaya, ya rubuta amsar da aka ba shi.

Abu na uku, shi babur ɗin kansa ya zama abin tuhuma a wasu wurare, saboda yadda masu ɗauke da makamai ke amfani da shi. A jihar Difa an hana hawan babur a 2015, lokacin da aka kafa dokar ta ɓaci. A sassan jihar Tilaberi an yi irin wannan hani daga Janairu 2020. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Irin waɗannan dokoki ana sa su, ana sassauta su, ana mayar da su. Baƙon yaro da ya shiga yankin da aka yi hani, a kan babur, da jarkar mai a baya, da waya a hannu yana ɗaukar hoto, ba ɗan yawon buɗe ido sojan da ke bakin shinge zai gani ba. Don haka dole takardar shiri ta nuna cewa an tambayi hukuma a kan kowane yanki, kuma inda aka ce kada a bi, an sauya hanya.

Abu na huɗu shi ne jikin mahayi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, lurarsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya gwargwadon da dokar ƙasashe da dama ta hana tuƙi da shi. Barci ba ya sallama kafin ya ɗauki mutum, kuma a gudun kilomita 70, rufe ido na daƙiƙa uku tafiyar mita kusan 60 ce a makance. Mun san abin da wasu ke yi don su kori barci, wato haɗiyar tramol da makamantansa. Mu faɗa a fili: duk tafiyar da sai da ƙwaya za a iya yin ta, ba juriya aka gwada ba, kuma haramun ne ga aljihunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum 1,190,000 ke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Hular kwano mai kyau wadda aka ɗaure igiyarta, riga mai kauri, safar hannu, takalmi rufaffe, da ruwan sha isasshe, waɗannan su ne farkon abin da gudummawarmu za ta saya, kafin tuta da rigar talla.

Abu na biyar, injin. Sabuwar taya da sarƙa da burki kafin a tashi, amma a yi gyaran da ƴan kwanaki, a hau a gwada, kada a fito daga wajen bakanike a kama hanya. A ɗauki tiyub da kayan faci da famfo da filogi da wayar kuloci da baƙin mai, kuma mahayi ya iya sa su da hannunsa. Ya fi kyau a hau irin babur ɗin da kayansa ke kowace kasuwa a kan hanyar. Tun a 1934 wasu Turawan Ingila mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan ranar 11 ga Disamba a kan babur mai akwati a gefe, suka ratsa Sahara. Injinsu ya lalace, sai a Agadas aka sake haɗa shi, sa'annan suka ci gaba har suka isa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ranar 29 ga Yuli 1935. Sanin aikin inji ne ya fitar da su, kuma rubutun da aka ajiye ne ya sa har yau ana iya faɗin ranar tashinsu da ta isarsu.

In wani ya ce wannan duk tsarin Nasara ne, sai mu tuna masa da kakanninmu fatake da suka riƙa tafiya daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Ayari ba ya tashi sai da madugu wanda ya san zanguna da rijiyoyi da abin da kowane sarki ke karɓa. Akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya. Akwai uban dawaki. Akwai kuma malamin ayari, mai tawada da alƙalami, wanda ke riƙe da lissafi. Ba wanda ya taɓa ce wa madugu matsoraci don ya ƙirga kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya. Abin da muke nema daga yaron da zai hau babur shi kaɗai shi ne ya zama madugun kansa kafin ya tashi, ya zama malamin ayarin kansa a kan hanya. Ya kuma bar mutum ɗaya a gida riƙe da kwafin shirin, wanda za a kira a kowane zango, kuma ya san wanda zai sanar in lokaci ya wuce bai ji kira ba.

Yanzu sai takarda ta biyu. Za a ce mana, ai a nan mafi yawan mai a kwalba ake saye wajen ƴan bumburutu, su kuwa ba su san rasit ba. Gaskiya ne, amma muna da abin da ya maye gurbinsa. A sayi littafi mai ɗaurarren bango, a sa wa shafukansa lamba. A ranar tashi shugaban ƴan kasuwa ko na ƙungiyar masu babura ya rubuta kwanan wata da lokaci da abin da mita ta nuna, ya sa hannu ya buga hatimi. A kowane babban gari a nemi irin wannan a tasha, ko ofishin magajin gari, ko fadar hakimi, ko wajen sarkin zango. Inda akwai gidan mai na sosai a karɓi rasit a manna. Aika ƙaramin kuɗi ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi shi ma yana fitar da takarda mai lokaci, a wajen kamfanonin ma har da sunan reshen garin. A ɗauki hoton mita a gaban allon sunan gari. Kowane dare, kafin barci, a rubuta layi biyar: nisan da aka ci, man da aka sha da farashinsa, yanayin hanya, shinge nawa, abin da ya lalace. Wanda ya bar rubutu sai ya dawo gida, zai tarar kwanakin sun cakuɗe masa.

Za a kuma ce, ai ga bidiyo a Facebook da TikTok, wace shaida ta fi wannan? Bidiyo yana nuna cewa mutum ya tsaya a wani wuri, amma ba ya nuna yadda ya isa can. Dukanmu mun san babur yana shiga bayan babbar mota da kuɗi kaɗan, a sauke shi a bakin gari a hau a shiga ana daga hannu. Abin da ke toshe wannan ƙofa shi ne jerin shaidu da suka yi daidai da juna: mita tana ƙaruwa daidai da taswira, mai yana ƙarewa daidai da nisa, lokaci yana tafiya daidai da ƙarfin babur. Ƙarya ɗaya tana da sauƙi, amma ƙarya ashirin da za su dace da juna aiki ne ja. Ga kuma gargaɗi biyu game da waya. Kada a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ko bariki ko ayarin soja. Kada kuma a sanar wa duniya hanyar da za a bi gobe da inda za a kwana, a bari sai an wuce sa'annan a saka labari.

Akwai ribar da mu ƴan kasuwa za mu ci daga irin wannan littafi, wadda ta wuce ta kare kuɗinmu. A 2005 ƙungiyoyin UEMOA da CEDEAO sun kafa wani tsari na sa ido a kan manyan hanyoyin kasuwanci, irin ta Tema zuwa Wagadugu da ta Lome zuwa Wagadugu. Direbobin manyan motoci masu cikakkun takardu aka riƙa ba fam, duk inda aka tsayar da su su rubuta wane ne ya tsayar da su, minti nawa, nawa suka bayar. Daga nan a tattara a fitar da rahoto da taswira duk bayan wata uku. Abin da kowa ke ƙorafi a kai a baki ya koma lamba da za a iya ajiyewa a gaban minista. Mahayin da ya dawo mana da littafi mai cewa daga gari kaza zuwa gari kaza shinge kaza ne, gada kaza ta karye, litar mai kaza ce, ya kawo mana abin da ƙungiyarmu za ta iya aiki da shi. Wanda ya dawo da hoton kansa kawai, kansa ya yi wa tafiya.

Shafi na ƙarshe na littafin kuwa na kuɗi ne. Nawa aka tara, wa ya bayar, nawa mai ya ci, nawa gyara, nawa iyaka, nawa ya rage. In an ce tafiyar ta marayu ce ko ta asibiti, a raba asusun tafiya da na taimako tun farko, kuma na taimakon ya zauna a hannun wasu dattawa biyu ko uku, a karanta shi a gaban jama'a bayan an dawo. Wannan kariya ce ga shi kansa mahayin, domin babu abin da ke saurin ɓata sunan matashi a gari kamar a ce ya ci kuɗin sadaka, ko da bai ci ba.

Mun san akwai masu cewa waɗannan sharuɗɗa za su kashe wa yara gwiwa. Wanda takarda biyu suka kashe wa gwiwa a inuwar rumfa, ranar Agadas ko ruwan saman kudu ba za su bar shi ba, gara ya fasa tun yana gida. Wanda kuwa ya zauna ya rubuta, ya je ya tambayo, ya fara gwada kansa da tafiyar kilomita 300 ya dawo da littafinta cikakke, wannan mu tsaya masa da gaske. Mu ba shi kuɗi, mu ba shi sunayen abokan cinikinmu a garuruwan da zai ratsa, mu kira su mu ce ga ɗanmu nan tafe a ba shi masauki. Wannan hanyar sadarwa da ta kama daga Jibiya da Illela da Maigatari har Kumasi da Garwa da Njamaina, babu wata ƙungiyar babura a duniya da ke da irinta.

Kiranmu ga shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin masu babura shi ne su mayar da wannan ƙa'ida. Wasiƙar neman gudummawar doguwar tafiya kada ta zagaya rumfuna sai an ga takardar shiri, an kuma buɗe littafin shaida an buga masa hatimin farko. In mahayi ya dawo, a karɓi littafin a duba kafin a yi walima. Iyayen da ke gida suna jira sun fi buƙatar wannan fiye da tafin da za mu yi a bakin gari. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da kowa lafiya.